Yadda Ake Tsara Manhajar Yanar Gizo Daga Fuska Har Rumbun Bayanai

Wata Asabar da yamma wani Alhaji da na haɗa wa manhajar lissafin shago ya kira ni. Dillalin shinkafa da sukari da fulawa ne, babban shagonsa na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, yana kuma da reshe a Daura. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malam, wai wannan kwamfuta taka baki biyu gare ta? Shafin farko ya ce saura buhu 40, shafin sito ya ce 37, yaro ya shiga ya ƙirga ya samu 35. Wanne zan ɗauka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki na yaro."

Laifin nawa ne. Wuri uku na ajiye adadin buhunan: a rumbun bayanai, a ma'ajiyar Redux (kayan aikin da ke riƙe wa shafi bayanai a cikin burauza), sannan a wani gutsuren shafi da ya kwafi lambar tun da aka buɗe shi da safe. Ana ciniki rumbu yana canzawa, sauran biyun suna nan riƙe da tsohon labari. Daga ranar na ɗauki ƙa'ida ɗaya, kuma ita zan bi da kai a duk matakan nan: kowane bayani gida ɗaya gare shi, sauran wurare leƙe kawai suke yi.

Kalmomi huɗu za su yi ta dawowa. Fuska ita ce abin da mutum ke gani a burauza. Uwar garke ita ce kwamfutar da ke can nesa tana yanke hukunci. Rumbu shi ne inda bayanai ke kwana. Hali kuwa duk abin da manhaja ke riƙe da shi a ka a wannan daƙiƙar: wa ya shiga, wane kaya aka zaɓa, me aka rubuta a fom ba a tura ba tukuna.

Kayan aiki

- Kwamfutar cinya mai RAM giga 8. Mai giga 4 ma za ta yi, sai dai ka rufe shafukan burauza ka kuma yi haƙuri.
- Node.js, mai tafiyar da JavaScript a wajen burauza, ka ɗauki wanda aka yi wa alamar LTS, wato mai dogon tallafi; da Git mai ajiye tarihin aikinka; da VS Code inda za ka yi rubutun.
- PostgreSQL don rumbu. In kwamfutarka ta gaza, fara da SQLite, wanda fayil ɗaya ne tak, daga baya ka ƙaura.
- React tare da Vite da TypeScript don fuska. Tsofaffin bidiyoyi za su ce ka fara da create-react-app. Masu React da kansu sun sanar da yin ritayarsa a Fabrairun 2025, kada ka bi ta nan.
- Express don uwar garke, TanStack Query don ɗauko wa fuska bayanai daga uwar garke, Zod don duba siffar saƙo.
- Wayar Android mai araha, irin wadda yaron shago ke riƙewa. Wannan ta fi duk sauran muhimmanci wajen gwaji.
- Littafin rubutu da biro.

In Laravel ka iya ko Django ko Vue, ci gaba da abinka, tsarin bai canza ba, sunaye ne kawai. Game da data kuma: sauke kayan npm, wato kunshin aikin JavaScript da wasu suka riga suka rubuta, yana cin kuɗi. Yi amfani da pnpm, shi yana ajiye kowane kunshi sau ɗaya a kwamfutarka ya riƙa aron sa ga duk ayyukanka, ba sai ka sake saukewa ba. Sannan ka saba da ajiye aiki a Git duk bayan ɗan ci gaba, don ba a yi maka sallama kafin a ɗauke wuta.

Mataki na 1: Je shagon ka yini

Kada ka buɗe VS Code tukuna. Nemi benci kusa da mai riƙe da littafin ciniki, ka zauna daga hantsi har La'asar. Raba shafin littafinka biyu. A gefe ɗaya rubuta abubuwa: kaya, kwastoma, ciniki, biya, reshe, ma'aikaci. A ɗaya gefen rubuta ayyuka: sayarwa, karɓo kaya daga mota, ba da bashi, biyan rabi, dawo da kaya, tura kaya Daura.

Akwai abubuwan da mai shago ba zai taɓa faɗa maka ba, don a wurinsa kowa ya san su. Sai ka tambaya. Ana fasa buhu a sayar tiya-tiya? Tiya nawa ake lissafawa a buhu? Wa ke da ikon rage farashi in babban kwastoma ya zo? In mutum ya kawo dubu ɗari alhali ana bin sa bashi uku, wanne ake fara cirewa? Kowace amsa a nan tana iya canza fasalin rumbunka gaba ɗaya, kuma tun ran gini ran zane.

A gaban kowane abu rubuta amsar tambaya uku: wa ke rubuta shi, wa ke karanta shi, sau nawa yake canzawa a rana. Ajiye takardar nan, za mu dawo mata a mataki na 5.

Mataki na 2: Raba gidan

Ɗauki manhajar kamar gidanmu na gargajiya. Fuska ita ce zaure, kowa na iya shigowa. Uwar garke ita ce cikin gida inda maigida yake. Rumbu yana can ƙurya. Baƙo ba ya tsallake zaure ya je ya ɗebi hatsi da kansa. Yaro yake aikawa ciki, maigida ya duba ya ce a ba shi ko a hana. Yaron aiken nan shi ake kira API.

Dalilin wannan tsari ba ƙawa ba ne. Duk abin da ke cikin burauza, wanda ya danna F12 yana iya ganin sa, yana kuma iya canza shi. Saboda haka lissafin farashi, da duba ko kaya sun isa, da izinin wane ya yi kaza, duk a uwar garke ake yanke su. Fuska tana iya nuna jimilla don mai saye ya gani, amma uwar garke ta sake lissafa tata, kuma tata ce ake rubutawa.

Buɗe folda ɗaya, Git ɗaya, ka raba ta haka:

```
shago/
  fuska/
  garke/
  tarayya/
```

A cikin fuska da garke, jera fayiloli bisa aiki: foldar kaya, foldar ciniki, foldar bashi, foldar kwastomomi. Masu koyo sukan tara duk gutsattsarin shafi a folda ɗaya, duk masu kiran API a wata, sai gyara ɗaya na bashi ya sa ka zagaya folda biyar. In komai na bashi yana wuri ɗaya, ranar da Alhaji ya ce a canza yadda ake cire biyan rabi ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A sunayen fayiloli da na tebura ka bar baƙaƙe masu lanƙwasa, rubuta k da d da b zalla, ka huta da rigimar allon rubutu.

Za ka ji ana yabon raba uwar garke gida goma ƙanana, wai haka Netflix ke yi. Netflix na da dubban injiniyoyi, kai kuma kai kaɗai ne, ko ku biyu da abokinka. Uwar garke ɗaya mai tsaftataccen ciki ta ishe ka shekaru.

Mataki na 3: Fara gini daga rumbu

Kowane abu da ke jerinka na farko ya zama tebur a rumbu, mai layuka da gurabe kamar shafin littafin ciniki. Ga inda aka fi yin tuntuɓe.

Kuɗi a kobo ake ajiye shi, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba. Buɗe burauza ka haɗa 0.1 da 0.2 a JavaScript, za ta ba ka 0.30000000000000004. Wannan ɗan wutsiya in ya taru a ciniki dubu sai lissafin wata ya ƙi rufuwa. Naira 85,000 ka rubuta ta 8500000, sai wajen nunawa ka raba da 100. Paystack ma a kobo yake karɓar adadi. Haka kaya: ajiye su a mafi ƙanƙantar ma'aunin da ake sayarwa.

Lambar waya rubutu ce, ba lissafi ba. In ka ba ta gurbin lamba, sifirin farko zai ɓace. Zaɓi siga ɗaya, misali mai farawa da +234, ka mayar da kowace lamba zuwa gare ta kafin ajiyewa, in ba haka ba mutum ɗaya zai zama kwastoma uku.

Lokaci kuma ka ba shi gurbin timestamptz, wajen haɗa rahoto ka juya shi zuwa Africa/Lagos. Agogonmu yana gaban UTC, agogon duniya da rumbu ke ajiye lokaci da shi, da awa ɗaya. Ba za ka lura ba sai goman ƙarshe na azumi, lokacin da shaguna ke kaiwa tsakar dare: cinikin ƙarfe goma sha biyu da rabi sai ya faɗa lissafin jiya.

Wajen bincike, wani zai rubuta Ƙanƙara, wani Kankara, kuma a wurin kwamfuta garuruwa biyu ne. Ajiye sunan yadda aka rubuta shi, sannan ka ƙara gurbi na biyu da aka sauƙaƙe baƙaƙensa, a nan za a riƙa nema.

Babban gargaɗi: abin da za a iya lissafowa kada a ajiye shi. Kada ka yi gurbin "jimillar bashi" a teburin kwastoma. Bashi shi ne abin da ya ɗauka a cire abin da ya biya, kuma duka biyun suna nan a teburansu. Ranar da ka ajiye jimillar daban, ka yi wa bayani ɗaya gida biyu. Wuri ɗaya nake karya wannan doka da gangan, shi ne sauran kaya a sito, saboda dalilin da za ka gani a mataki na 7. Ko a nan, ina da teburin motsi da ke rubuta kowace shiga da fita, kuma aiki ɗaya tak a uwar garke ke da ikon taɓa gurbin saura.

Layin ciniki ya kwafi farashin ranar da aka yi shi. Wannan ba gida biyu ba ne, tarihi ne: farashin sukari zai tashi gobe, rasidin jiya kuwa bai kamata ya motsa ba.

Duk canjin fasalin tebur ka yi shi ta fayil ɗin ƙaura, wato fayil mai ɗauke da umarnin canjin, da Prisma ko Drizzle ko Knex, ya shiga Git. Kada ka shiga rumbu da hannu ka ƙara gurbi, za ka manta.

Mataki na 4: Rubuta yarjejeniya tsakanin fuska da uwar garke

Kafin ka zana shafi ko ɗaya, jera hanyoyin a takarda: GET /kaya, POST /ciniki, POST /biya, GET /kwastomomi/12/bashi. GET na tambaya ne, POST na aikawa a rubuta. Ga kowace, me ake aikawa, me ke dawowa.

Foldar tarayya a nan take aiki. Rubuta siffar kowane saƙo sau ɗaya da Zod: ciniki yana da kwastoma, da jerin kaya, kowane da adadin da ya wuce sifiri. Fuska ta yi amfani da ita wajen duba fom, uwar garke ta yi amfani da ita wajen duba abin da ya iso, TypeScript kuma ya ciro nau'in bayanin daga gare ta. In ka canza sunan gurbi, ɓangarorin biyu za su yi ja a VS Code nan take, maimakon ka ji labari daga bakin kwastoma. In uwar garkenka ba JavaScript ba ce, rubuta yarjejeniyar da OpenAPI.

Lambobin amsa su faɗi gaskiya: 201 an ƙirƙira, 400 saƙon bai cika ba, 401 ba ka shiga ba, 403 ka shiga amma ba huruminka ba ne, 404 babu, 409 an yi karo, 500 laifin uwar garke. Na sha ganin manhajar da ke mayar da 200 ga komai, sannan ta ɓoye kuskuren a cikin saƙo. TanStack Query zai ɗauka komai lafiya.

Cikin uwar garke hawa uku ya isa: mai karɓar saƙo, mai dokokin kasuwanci, mai magana da rumbu. Na tsakiyar kada ya san da HTTP sam, ta haka za ka iya gwada shi shi kaɗai.

Mataki na 5: Tantance hali

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗauko takardarka ta mataki na 1, ka ƙara mata duk wani abu da fuska za ta riƙe. Kowanne ka yi masa tambayoyin nan bi da bi, inda ya amsa e, nan ne gidansa.

Shin in aka buɗe manhajar a wata waya, a Daura misali, ya kamata a ga wannan abu? To na uwar garke ne. Kaya, farashi, bashi, kwastomomi, duk nan suke. Abin da ke fuska aro ne, kuma aro yana tsufa. A irin manhajar shago, mafi yawan abin da mutane ke kira hali wannan ne, kuma shi ne wanda na zuba a Redux har ya ja mini kiran Alhaji.

Shin in aka sabunta shafi, ko aka tura wa wani adireshin ta WhatsApp, ya kamata a ga abu ɗaya? To na adireshi ne. Reshen da aka zaɓa, kalmar bincike, shafi na nawa, daga wace rana zuwa wace. Su zauna a adireshin shafi kamar haka: /bashi?reshe=daura&shafi=2. Masu koyo sun fi mantawa da wannan gida, alhali kyauta ne. Maɓallin komawa baya zai yi aiki da kansa, kuma Alhaji na iya tura wa manajansa adireshin ya ce duba wannan.

Shin abu ne da ake cikin rubutawa ba a tura ba? Na fom ne. Ya zauna cikin fom ɗin, da useState, hanyar React ta riƙe hali a gutsuren shafi ɗaya, in gurabe biyu ne ko uku, da React Hook Form in sun yi yawa. An tura, ya mutu.

Shin gutsure ɗaya ne kawai ya damu da shi? Ko taga a buɗe take, ko wane layi aka taɓa. useState a wurin, shi ke nan. In gutsure biyu maƙwabta suna buƙatarsa, ɗaga shi zuwa uwar da ta haɗa su, kada ka wuce nan.

Abin da ya tsallake duk waɗannan shi ne na gama-gari, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. A manhajar Alhaji abu biyu ne suka rage: harshen da aka zaɓa, Hausa ko Turanci, da kwandon cinikin da ake tarawa yayin da yaro ke yawo tsakanin shafuka. Harshe ya shiga Context na React, hanyar raba abu ɗaya ga gutsattsari da yawa, tunda da wuya yake canzawa. Kwando ya shiga Zustand, wata ƙaramar ma'ajiyar hali ta gama-gari. Kada ka zuba abin da ke canzawa kowace daƙiƙa a Context, don duk gutsuren da ke sauraronsa zai sake zana kansa, kuma ƙaramar waya za ta fara ja da ƙafa.

Ban ce Redux ba shi da kyau ba. Dan Abramov da Andrew Clark sun fitar da shi a 2015, lokacin React bai da hanyoyin da yake da su yanzu, useState da 'yan uwansa sai a 2019 suka zo. In ka tarar da aikin da aka gina da shi, ci gaba da Redux Toolkit, ka ba RTK Query bayanan uwar garke. Amma sabon aiki ƙarami, ni dai ban ga abin da zai sa ka ɗauki Dala ba gammo ba.

Kuskuren da na fi gyara wa ɗalibai shi ne wannan: suna da jerin kaya a kwando, sai su buɗe wani useState na jimilla, su sa useEffect ya riƙa daidaita su. Jimilla ba hali ba ce, lissafi ce. Haɗa ta daga jerin a duk lokacin da ake zana shafi. Haka in aka zaɓi kwastoma, riƙe lambarsa kawai, kada ka kwafe shi gaba ɗaya. In ya biya bashi, kwafinka bai sani ba.

Mataki na 6: Miƙa wa TanStack Query bayanan aro

Kowace tambaya da kake wa uwar garke tana da mabuɗi. Jerin kayan Daura mabuɗinsa kalma biyu: kaya, daura. Duk gutsuren da ya nemi wannan mabuɗi kwafi ɗaya za a ba shi, ko su goma ne a shafi. Da haka 40 da 37 ba za su sake haɗuwa a manhaja ɗaya ba.

Duk abin da ke canza amsa ya shiga mabuɗi: reshe, kalmar bincike, lambar shafi. In ka manta reshe, mutum zai koma Katsina ya ci gaba da ganin kayan Daura. Tara mabuɗan kowane aiki a fayil ɗaya, ka kuma naɗe kowace tambaya cikin aiki mai suna kamar useKaya, don shafuka su daina kiran API kai tsaye.

Bayan an rubuta ciniki, kada ka zauna kana rage lambobi da hannu a fuska. Kira invalidateQueries a kan mabuɗin kaya da na bashin wannan kwastoma, su je su sake tambayo gaskiya. Zauna ka rubuta: kowane aiki, waɗanne mabuɗai yake tsufar da su. Dawo da kaya yana taɓa kaya da bashi da rahoton rana. Mantawa da ɗaya shi ne sabon baki biyu.

A yadda ya zo, TanStack Query yana ɗaukar bayani ya tsufa da zarar ya iso, yana sake tambaya in aka dawo kan shafin ko intanet ta dawo, kuma yana sake gwadawa sau 3 in tambaya ta faɗi. Ga mai sayen data da kuɗinsa wannan ya yi yawa a wasu wurare. Daidaita staleTime, wato tsawon lokacin da bayani zai yi kafin a ɗauke shi ya tsufa, bisa amsar "sau nawa yake canzawa" da ka rubuta: jerin rassa ya yi awa guda, farashi minti biyar, sauran kaya daƙiƙa talatin.

Kowane shafi ka zana masa fuska huɗu: ana jira, an samu kuskure, babu komai, ga bayani. Farin shafi ba magana yana sa mutum ya yi ta dannawa, abin da ya kai mu mataki na gaba.

Mataki na 7: Shirya wa raunin sabis

A cikin sito, bayan buhuna, sabis sanda ɗaya ne. Wani yaron shago ya taɓa danna "Ajiye" bai ga komai ba, ya sake, ya sake. Saƙo uku duk suka isa. Aka rubuta wa wani bawan Allah mai shayi bashin buhun sukari uku alhali ɗaya ya ɗauka. Da ya zo biya ya ga lissafi, sai da aka kai ga rantsuwa kafin a kira ni.

Maganin hawa biyu ne. Na farko, maɓalli ya mutu da zarar an danna, ya rubuta "Ana turawa". Wannan bai isa ba, don wani lokaci saƙon ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya, mutum kuma dole ya sake gwadawa. Na biyu shi ne na gaske: da an buɗe fom, fuska ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman da crypto.randomUUID, ta riƙa aika ta tare da cinikin. A rumbu ka sa wa gurbin sharaɗin UNIQUE, mai hana lamba ɗaya shiga sau biyu. In lambar ta sake zuwa, uwar garke ta mayar da cinikin farko kawai, ba ta rubuta sabo ba. Lura, wannan aiki na burauza sai a HTTPS ko localhost yake samuwa; in kana gwaji da waya ta adireshin gida mara HTTPS zai ƙi, sai ka ɗauko kunshin uuid.

Sai karo. Buhu 3 suka rage, yara biyu da wayoyi biyu kowa na son sayar da 3 a lokaci guda. In ka karanta saura, ka duba, sannan ka rubuta, duka biyun za su wuce. Bar rumbu ya yi hukunci a numfashi ɗaya:

```
UPDATE sito SET saura = saura - 3
WHERE kaya_id = 12 AND reshe_id = 1 AND saura >= 3;
```

In babu layin da ya canza, wani ya riga ka, mayar da 409, fuska ta ce kayan sun ƙare. Dalilin da ya sa na bar gurbin saura ke nan. Rage kaya, da rubuta motsi, da rubuta ciniki, duk su shiga tsakanin BEGIN da COMMIT, ko su faru tare ko kada ko ɗaya ya faru.

Akwai dabarar nuna wa mutum aiki ya yi tun kafin uwar garke ta amsa, don manhaja ta yi kamar tana sauri. Yi ta a kan abu mara nauyi, kamar gyara sunan kwastoma. A kan kuɗi da kaya kada ka kuskura.

Za a tambaye ka ko tana aiki ba intanet. Ana iyawa: a jera cinikin a IndexedDB, ɗan rumbun da ke cikin burauza, a tura in sabis ya dawo, lambar shaidar nan ta hana maimaici. Amma kana buɗe ƙofar sayar da abin da babu, da rigimar wanda ya riga. In ba dole ba, faɗa wa mai shago gaskiya tun farko, a ajiye littafin rasidi na takarda don irin wannan lokaci, a shigar daga baya.

Mataki na 8: Shiga da izini

Kalmar sirri ba a ajiye ta tsirara, a niƙa ta da argon2 ko bcrypt. Shaidar shiga ta zauna a kuki, ɗan bayanin da burauza ke ajiye wa uwar garke, mai alamar httpOnly da Secure da SameSite, inda JavaScript ba ya iya karanta ta, maimakon localStorage. Ɓoye maɓallin "Rage farashi" ga yaron shago ladabi ne kawai, hanin gaske a uwar garke yake, a kowace hanya, kowane lokaci.

Mabuɗan sirri su zauna a fayil ɗin .env na garke, sunansa kuma ya shiga .gitignore kafin ajiyar farko. Duk abin da ka sa wa VITE_ a gaba, Vite zai cusa shi cikin fuska kowa ya gani, don haka mabuɗin sirri na biyan kuɗi ba ya zuwa nan.

A shago waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita. In an fita, share duk abin da TanStack Query ya riƙe da kwandon Zustand, in ba haka ba yaro zai shiga ya tarar da rahoton ribar da manaja ya buɗe. Sunaye da lambobin mutane da bashinsu amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka, kada ka karɓi abin da aikin bai buƙata ba.

Mataki na 9: Gwaji da miƙawa

In lokaci ya ƙure, rubuta gwaji da Vitest a kan hawan dokokin kasuwanci kaɗai: biyan rabi, dawo da kaya, saƙo mai maimaici. Sauran ka gwada da hannu. Buɗe sashen Network a kayan aikin Chrome ka rage gudun intanet zuwa 3G, ka bi kowane shafi. Ɗauki wayoyi biyu ka sayar da buhun ƙarshe a lokaci ɗaya. Kunna yanayin jirgin sama ana tsakiyar turawa, ka kashe, ka sake dannawa, sannan ka leƙa rumbu ka ƙirga layuka.

Sa pg_dump ya riƙa kwafe rumbu kowane dare zuwa wani wuri daban da uwar garken. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ɗauki kwafi ɗaya ka zuba a sabon rumbu a kwamfutarka, ka tabbatar yana buɗewa.

Makon farko bayan miƙawa kada a ajiye littafin takarda. A riƙa rubutawa a duka biyun, kullum kafin a rufe shago yaro ya ƙirga kaya uku ko huɗu da aka fi saye, a gwada da abin da manhaja ta ce. In sun saɓa, buɗe teburin motsi na wannan kaya, ka ɗora shi kusa da littafin, ku bi layi-layi daga safe har inda suka rabu.